Dogon Hutu a Tsakiyar Damina: Yadda Malamin Karkara Zai Raba Lokacinsa Tsakanin Gona da Littafi

Dogon hutun makarantun Jihar Kano yakan kama ne daga ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ya kai tsakiyar Satumba, wato kusan mako shida. Sunansa dai hutu. Amma malamin da ke koyarwa a ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa ko Minjibir ya san cewa ranar da aka kulle aji, ranar gona take karɓarsa. A wannan yanki ba a barin saura. Gona tana jingine da gona, gari yana hango gari, kuma fili ɗaya ake nomawa kowace damina, ana riƙe shi da takin dabbobi da toka da shara. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin wannan noma na kewayen Kano, don ganin yadda ƙasa take ciyar da jama'a mai yawa haka ba tare da an bar ta ta huta ba. Malamin makaranta ɗan wannan ƙasa ne. Albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, geron da ya shuka da dawa da wake su ne rufin asirinsa. Duk mai ba shi shawarar karatun hutu, in bai sa fartanya a lissafi ba, ɓata bakinsa kawai yake yi.

Sai dai aikin gona ba ya cewa ya isa. An gama maimai, ga zuba taki karo na biyu. An gama wannan, ga wake na jiran a shuka shi tsakanin kunyoyin gero, ga tumaki a turke suna jiran ciyawa, ga katanga ta jiƙe tana neman faɗuwa. Wanda ya ce zai karanta littafi idan ya samu sarari, sai dai ya ji an ce gobe Litinin ake komawa, bai buɗe ko shafi ɗaya ba. Karatu ba ya samun rabo a damina sai an cire masa tun farko, yadda manomi yake ware iri kafin a fara ɗiba a rumbu. Kuma abin da za a fara karantawa, kafin kowane littafi, shi ne abin da za a koyar.

Kafin a kulle ofis

Shirin hutu a makon ƙarshe na zango na uku yake farawa. Malam, ka je wurin hedimasta ka tambaye shi ajin da zai ba ka a sabuwar shekara, ko darussan da za ka ɗauka. Wasu shugabannin sukan bar wannan rabo sai an dawo, to ka roƙe shi cikin ladabi ya faɗa maka ko da abin da yake tunani ne. In ka sani, sai ka sa hannu ka ari littattafan wannan aji, na ɗalibi da na malami in akwai, da manhajar darussan. Ka kuma nemi malamin da yaran suka fito daga hannunsa, ku zauna ko na rabin awa ne, ya faɗa maka su wa suke iya karatu, su wa har yanzu ba sa haɗa baƙi, su wa suke ɓacewa ranar kasuwa. Ka rubuta sunayen. Takardar sakamako ba za ta faɗa maka wannan ba.

Sai adana kaya. Abokan gabar takarda a damina su ne yoyo, danshi, gara da ɓera. Kada a bar rajista ko littattafai a ƙasa, kada kuma a jingine su da bango. Akwatin ƙarfe ya fi kwali, a ɗora shi kan bulo ko duwatsu yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki. Haka za ka yi da naka a gida, kuma duk ranar da aka samu rana mai kyau ka buɗe akwatin ya sha iska. Ku sanar da mai unguwa da kwamitin kula da makaranta cewa an tafi hutu, don a sa ido kada ajujuwa su zama makwancin awaki, kuma in iska ta ɗaga kwano a sami mai sanarwa kafin ruwa ya gama da silin.

Batun kuɗi kuwa, kowa ya san Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, ga zazzaɓi ya shigo gida. Duk da haka, ranar da albashi ya shigo ka cire kuɗin littafi ɗaya da littafin rubutu mai kauri da fensir, ka saye su a wannan makon. In ka bari suka kwana uku a aljihu, sun zama cefane.

Wane lokaci ne na karatu

Safiya ta gona ce, babu mai jayayya da wannan. Amma tsakanin sallar asuba da lokacin da gari zai waye sosai akwai ɗan tsakani. Bayan ka gama abin da ka saba na Alƙur'ani da azkar, ka ba wa karatu mai nauyi minti talatin, wato lissafi ko kimiyya ko Turanci, abin da ke buƙatar kwanyar da ba ta gaji ba. Minti talatin kullum har mako shida sun haura awa ashirin, kuma awa ashirin sun isa mutum ya bi littafin lissafin aji ɗaya daga bango zuwa bango.

Lokaci na biyu shi ne bayan azahar, in an dawo daga gona an ci abinci an ɗan miƙe. Daga nan zuwa la'asar a zaure ko gindin bishiya, lokacin karatu mai sauƙi ne: labari, tarihi, jarida. Na uku kuma kyauta ce daga Allah, wato ranakun marka, sa'ad da ruwa zai wuni yana zuba, ƙasa ta yi laushin da ba ta nomuwa. Ka ajiye wa irin waɗannan ranaku babban aiki, kamar rubuta shirin darasi ko yanka katunan karatu, don kada su tafi a barci da hira.

Karatun dare ban cika ba da shawararsa ga wanda ya wuni a duƙe ba. Shafi biyu zai yi, littafi ya faɗo masa a ƙirji. Wanda yake iyawa, ya yi a cikin gidan sauro da fitilar sola, don watannin nan ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da mutane, kuma mako guda a kwance ya isa ya rushe duk abin da aka tsara. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na ƙananan yara sun zo gida-gida, kamar yadda suke yi wata-wata a damina, malami ya kamata ya fara buɗe musu ƙofa, ya kuma yi wa maƙwabta bayani.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Malamai da yawa da suka haura shekara arba'in sun bar karatu ne don idonsu ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, su kuwa suna zaton sha'awa ce ta tafi. In kana nesanta takarda da fuskarka kafin ka gani, ko kanka yana ciwo bayan shafi kaɗan, ka je a auna idonka a ba ka tabarau. Abu ne mai sauƙi, yakan dawo wa mutum da karatunsa gaba ɗaya.

Malama, naki lissafin daban ne, don girki da wanki da raino ba su san hutu ba. Lokacin da ya fi yiwuwa gare ki shi ne bayan an sauke abincin rana, kafin a ɗora na dare. Ki faɗa wa mutanen gida cewa wannan sa'a ta littafi ce, ki raba wa manyan yara aiki, ki zauna wuri ɗaya kullum har a saba. Maigida kuma ya sani cewa taimaka mata da wannan sa'a ba alfarma ba ce kawai, aikin da ke kawo albashi gidan ake gyarawa. Mace mai karatu a cikin gida tana koyar da wasu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi.

Littafin aji tukuna

A nan ne malamai da yawa suke tsallakewa, suna ganin ai littafin yara ne, me za a karanta a ciki. To ka gwada. Ɗauki littafin lissafi na aji biyar ko shida, ka zauna da fensir, ka yi kowane aiki da ke ƙarshen kowane babi, da hannunka, ba da ido ba. Za ka tarar da wuraren da kake bi a guje, da wuraren da za ka tsaya kana juya fensir. Inda ka tsaya, nan ne yara za su faɗi, kuma nan ne a da kake saurin wucewa a aji ba tare da ka lura ba. Ka sa wa wurin alama, ka nemi wanda ya fi ka a wannan fanni tun ana hutu. Tambaya a zaure tsakanin malami da malami ta fi kame-kame a gaban yara sittin.

Kada ka tsaya ga samun amsa. A kowane babi ka tambayi kanka kuskuren da yaro zai yi, da dalilinsa. In aka ce a tara rabi da sulusi, yara da yawa za su tara na sama su tara na ƙasa, su ce biyu bisa biyar. Amsar ita ce biyar bisa shida, amma faɗar amsa ba ta gyara komai. Abin da ke gyarawa shi ne ka zo da kara guda, ka raba shi gida shida, yaro ya ga da idonsa cewa rabi gida uku ne, sulusi gida biyu. Irin wannan dabara ba ta zuwa wa mutum yana tsaye gaban allo. A hutu ake nemo ta, a rubuta ta a littafin nan mai kauri, shafi guda ga kowane babi: abin da za a koyar, inda yara za su yi tuntuɓe, misalin da za a kawo daga gida ko gona ko kasuwa.

Littafin Turanci kuwa da murya za ka karanta shi. Kowace kalmar da ba ka da tabbacin furucinta, ka ja mata layi, ka duba ƙamus, ko ka saurari yadda ake faɗarta a waya ranar da ka sami sabis mai kyau. Kuskuren furucin malami ɗaya yakan bi yara har sakandare, su kuma su koya wa wasu.

Hausa ma tana son wannan kulawa, har ma fiye, don kowa yana ganin ya iya. Jin Hausa daban, rubuta ta bisa ƙa'ida daban. Ka duba allunan makarantunmu ka ga yadda ake yar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, a rubuta kafa inda ake nufin ƙafa, a raba abin da ake haɗewa, a haɗe abin da ake rabawa. Yaron da zai fara koyon karatu da harshen da ya tashi da shi, in aka ba shi rubutu mai hargitsi, an tauye shi tun daga tushe. Ka ware mako guda ga ƙa'idojin rubutun Hausa. In makarantarku ko wani abokin aiki yana da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ka aro shi ka riƙa dubawa.

Sannan littafin da zai ciyar da kai

Malamin da ba ya karanta komai sai littafin aji, bakinsa yakan bushe. Ka zaɓi babban littafi ɗaya, ko biyu in kana da sauri, ka gama shi. Gara ɗaya da aka kai ƙarshensa da biyar da aka ɗanɗana.

In ka daɗe rabonka da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ka koma masa, amma wannan karon da idon malami. Ka lura da yadda yake buɗe labari, yadda yake sa mutane magana kowa da irin bakinsa, da inda yake tsayawa ya bar mai sauraro da ƙishirwa. Wannan shi ne sirrin riƙe aji. Ka fitar da labarai biyar ko shida da za ka karanta wa yara da murya, ka gwada su tukuna a kan yaran gida da daddare. Inda suka yi tsit, ka gane. Inda suka fara wasa da yatsun ƙafa, ka san za ka gajarta. Littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta Zariya ta haifar, irin su Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gajeru ne, kowanne bai fi karatun 'yan kwanaki ba. Kuma yana da kyau malami ya tuna cewa Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta nasa.

Mai koyar da tarihi ko zamantakewa ya nemi Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Mai koyar da kimiyya ya nemi Ikon Allah, wanda Imam da Rupert East suka rubuta. Tsohon littafi ne, ilimi ya ci gaba bayansa, amma har yau yana koya wa mutum yadda ake bayanin halittu da Hausa mai daɗi ba tare da an cika ta da Turanci ba. Mai son sanin yadda rubutun Hausa ya taso ya karanta Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988. Littattafan marubutan Kano na baya-bayan nan ma kada a raina su. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu yana nuna abin da ke faruwa da yara in gida ya rikice, kuma irin waɗannan yara suna zaune a ajinka. Wanda yake da Larabci kuwa, ya koma gaban malaminsa na zaure a yi bitar Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, don maganarsa a kan ladabin neman ilimi ta shafi mai koyarwa kamar yadda ta shafi mai koyo.

Waya tana da amfani, amma barin ta a kusa lokacin karatu ganganci ne. Ka sauke abin da kake buƙata ranar da ka je caji, sannan ka kashe data. Littafin marubucin da ke raye kuwa, in kana da hali ka saya, kada ka dogara da wanda ake yawo da shi a WhatsApp ba da izninsa ba.

Tunda garuruwanmu kusa suke da juna, tafiyar keke ta minti kaɗan takan haɗa malaman makarantu uku ko huɗu. Ku yi amfani da wannan. Ku sa rana ɗaya a mako, bayan sallar Juma'a ko yammacin ranar kasuwa, kamar Lahadi ga mutanen Ɗambatta, ku haɗu ku huɗu ko biyar. Kowa ya sayi littafi daban, ku riƙa musaya, a rubuta wanda ya ara da ranar da zai dawo da shi, don aro marar rubutu shi ke kashe irin wannan zama. Kowane mako mutum ɗaya ya koyar da babin da ya fi ba shi wuya, sauran su zama ɗalibai, su yi masa tambayoyin da yara za su yi. A sa sharaɗi tun farko: hirar siyasa da ta ƙarin girma sai an tashi.

In hali ya yi, ku shiga birni sau ɗaya. A wuni guda za a iya zuwa ɗakin karatu na Murtala Muhammad, a leƙa masu sayar da littattafai a Sabon Gari da Kurmi, a shiga Gidan Makama, sannan Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, unguwar da Hans Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Malamin da ya ga wuri da idonsa, bayaninsa ba ya zama ɗaya da na wanda ya ji a bakin wani.

Gonar ma littafin aji ce

Awannin da kake yi a gona ba asara ba ne ga koyarwa, in ka tafi da ƙaramin littafi a aljihu. Tuge wake ko gyaɗa guda ɗaya, ka duba saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta suke kamo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Dalilin da ya sa iyayenmu suke haɗa wake da gero ke nan, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Tono wuta-wuta a hankali, ka ga yadda take manne da saiwar dawa tana tsotse ta. Dubi gawo, wanda yake zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa suke yin kore, shi ya sa shuka take kyau a ƙarƙashinsa. Darussan kimiyya uku ke nan da babu yaron da zai manta, don a gonar babansa suke.

Ka kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, nesa da bishiya da indararo, ka riƙa auna ruwan da ya taru da rula kowace safiya kana rubutawa. Kafin a koma ka tara alƙaluman da yara za su yi tarawa da zanen jadawali da su. Ka auna tsawo da faɗin gonarka da taku, ka mayar da su mita. Ka rubuta farashin kwanon gero a Agusta, don yara su kwatanta shi da na kaka, su lissafa bambancin a buhu, su kuma fahimci abin da ke kai manyan motoci kasuwar Dawanau.

Da yamma kuma ka zauna da tsofaffi. Akwai waɗanda suka ga dalar gyaɗa a Kano, suka ga farin 1973, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, da yadda aka gina madatsun ruwa irin su Watari da Tomas. Akwai masu sanin asalin sunan garinku, da wanda ya haƙa tsohuwar rijiya, da yadda sarautar Sarkin Bai ta Dambazawa take da alaƙa da ƙasar Ɗambatta. Ka nemi izni ka rubuta, ko ka naɗa a waya. Wurin iyaye mata kuma ka tattaro tatsuniyoyi da kacici-kacici. In ka mayar da su gajerun labarai da manyan baƙaƙe a kan kwali, ka samar wa ajinka abin karantawa da babu kamfanin da zai buga muku. Kwalayen kuwa tun yanzu za ka fara roƙa a wurin masu shaguna, haɗe da murafun lemo na ƙirga.

Wanda takardarsa ba ta cika ba, hutun nan ne lokacin bin ta. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma rajista da hukumar rajistar malamai, wato TRCN, wajibi ce. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana da karatun da ake yi ba tare da an bar aiki ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da shirin karatun dogon hutu domin malamai, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Bichi. Ka je da kanka ka tambayi sharuɗɗa da lokacin sayar da fom, ka kuma nemi izni a rubuce daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kafin ka fara.

Yaran da za ka tarar

Yaran da ka sallama a Yuli ba haka za ka same su ba. Mako shida suna kiwo, suna yankan ciyawa, suna talla, da yawa ba su ga rubutun boko ko sau ɗaya ba. Wanda ya tafi yana haɗa baƙi da ƙyar zai iya dawowa ya manta. Saboda haka cikin shirin hutunka ka haɗa takardar gwaji, wadda za ta nuna maka matsayin kowane yaro a makon farko.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an gwada ta a nan gida a shirin KaLMA, a makarantun Dawakin Tofa da Wudil. Ga yadda ake yi. A takarda ɗaya ka rubuta baƙaƙe goma, da kalmomi goma masu sauƙi, da sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, da ɗan labari. Ka kira yara ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba, kuma babu bulala a kusa. Ka fara da sakin layi. In yaro ya karanta shi ba tare da yawan tuntuɓe ba, ka kai shi labari, ka yi masa tambaya ɗaya ko biyu don ka ga ko ya fahimta. In ya kasa, ka sauko da shi kalmomi, in nan ma ya kasa, baƙaƙe. Ka rubuta matakin da kowa ya tsaya. Daga nan sai ka raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ka ware sa'a guda kullum kowane rukuni ya yi aikin da ya dace da shi. Haka za ka yi da lissafi: gane lambobi, tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Katunan baƙaƙe da na gaɓoɓi da rukunin ƙasa zai buƙata, su ne aikin ranakun marka.

In kana da ƙarfi, ka tara yaran unguwarku sau biyu a mako da yamma, awa guda, bayan ka shawarci iyaye da malamin allo don kada lokaci ya ci karo. Ka karanta musu labari, su ma su karanta. Wannan ba wajibi ba ne, kuma kada ka ɗora wa kanka abin da zai hana ka hutawa, don jiki ma yana da haƙƙi. Amma ko yara goma ka riƙe, za ka ga bambancinsu in an koma.

Makon ƙarshe na hutu yakan zo daidai da nunar gero, lokacin da kowane hannu yake da aiki. Don haka kada ka bar shirin darasi sai wannan mako. Ka gama rubuta na mako biyun farko tun kafin zangarniya ta bushe. Abin da ya rage shi ne zagaye: ka je ka duba ajinka, ka ga abin da ruwa ya yi, a share ciyawa, a shafa wa allo baƙi. Ka ɗauki sunayen nan da ka rubuta a Yuli, ka bi gidajen waɗanda ka fi jin tsoron ba za su dawo ba, musamman 'yan mata na aji biyar da shida. Ka gaisa da iyaye da mutunci, ka faɗa musu ranar komawa. Ka roƙi liman ya sanar a masallaci, mai unguwa kuma ya tuna wa masu yara 'yan shekara shida cewa lokacin sa su ya yi.

An saba makon farko ya tafi a shara da jiran yara su cika. Yaran kuwa suna jin labarin ba a fara karatu ba, sai su ƙara kwana a gona, iyaye ma su ga babu dalilin sakin su. Malam, Malama, ranar Litinin ɗin farko ku shiga aji da alli da takardar gwaji, ku fara darasi ko yara bakwai ne suka zo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu komawa lafiya.